Ku Tambayi Gwaggo: Shayin La'asar da Baƙo Ba Ya Mantawa

Assalamu alaikum masu karatu. Sanyi ya fara kankama, wataƙila shi ya sa wasiƙun wannan makon suka karkata ga butar shayi. Na zaɓo biyar. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, don ita ta fi tsaya mini a rai.

Tambaya:

Gwaggo, barka da war haka. Ni amarya ce, watana huɗu a ɗaki, a wani ƙauye kusa da Taura. Surukata ta aiko cewa ranar Asabar mai zuwa za ta zo ganin ɗakina bayan la'asar, ita da ƙannenta biyu da abokiyar zamanta da wata aminiyarta. Ta ce kada in wahalar da kaina da girki don ba daɗewa za su yi ba. Na gani a waya yadda Turawan Ingila suke shirya shayin yamma, da faranti mai hawa uku da kofunan tangaran da kek iri-iri. Ni kuwa kofunan silba gare ni, babu wuta a garinmu, abin hannuna kuma kaɗan ne. Yaya zan yi su tafi suna ambatona da alheri?
Amarya, daga wajen Taura

Amsa:

'Yata, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki.

Farantin nan mai hawa uku, cire shi daga ranki. Matan da za su zo miki ba shi ya kawo su ba. Na daɗe ina shiga ɗakunan amare a nan ƙasar Ringim, kuma na san irin hirar da mata suke yi in sun fito suna tafe a hanya. Za ki ji ana cewa yarinyar nan akwai fara'a, ko shayinta da zafinsa, ko kuma a ce ai tun da ta ajiye mana tire ba mu sake ganin ƙeyarta ba sai da muka miƙe. Wannan ta ƙarshen ita ce ke ɓata wa amare da yawa aikinsu. Yarinya za ta wuni tana suya, ta ƙona hannu, ta kashe kuɗinta, amma ta bar baƙi su kaɗai suna kallon jere, ita tana can bakin murhu. Sun ci sun sha, amma wadda suka zo dominta ba su gan ta ba.

Na san za ki ce da kunya, ina ke ina zama da surukai. Da gaskiyarki. Ba cewa na yi ki hau gado ki harɗe ba, ba kuma dole ba ne ki kai kofi baki a gabansu. Ki shimfiɗa musu darduma ko sabuwar tabarma, ke kuma ki zauna daga gefe kusa da tire, mayafinki a kanki, ki zama ke ce mai zubawa. Mai zuba shayi tana da dalilin zama, babu mai cewa ta cika rawar kai. Ki durƙusa ki miƙa wa surukarki nata da hannu biyu, sannan sauran bi da bi. In sun tambaye ki, ki amsa a hankali. In suna hirarsu ta mutanen da, ki kasa kunne, don a irin wannan zaman ake sanin dangin miji, wa ya haifi wa, wa ya riƙe wa, wace magana ce ba a tayarwa. Domin zaman ya yiwu, ki nemo yarinya tun da safe, ƙanwarki ko 'yar maƙwabta mai hankali, ta zama ita ce mai kai da kawowa tsakanin madafa da ɗaki.

Kafin ranar kuma akwai wani ɗan aiki da bai ci ko sisi ba. Ki kira ƙanwar mijinki ki tambaye ta yadda kowace take shan shayinta. A cikin mata biyar masu shekaru, da wuya a rasa mai ciwon suga, ko wadda madara ke ɓata wa ciki, ko wadda haƙoranta ba sa iya cincin. Akwai wata maƙwabciyata, matar mai faci, ɗakinta babu komai sai gado da kwalla biyu. Sau ɗaya ta ji na ce madara ba ta karɓe ni ba. Da na shiga duba ta bayan watanni, sai ga kofina daban, baƙin shayi da citta da yankan lemun tsami a gefe, ba tare da na ce uffan ba. Na sha shayi a gidajen manya a Dutse da Kano, da yawa na manta ko mene ne aka haɗa da shi, amma nata yana nan a raina. Mutum yana jin daɗi ya ga an riƙe wani abu nasa a ka. Saboda haka kada ki zuba sukari da madara a cikin fulas gaba ɗaya. Shayin daban, madara daban, sukari a ɗan kwano da cokalinsa, ki tambayi kowace ƙwaya nawa.

Yanzu ga haɗin. Na mutum biyar, kowa ya sha ya ƙara, ki auna ruwa kamar kofi goma sha biyu. Ki daddaka citta kamar tsawon babban yatsa, ki jefa kanumfari biyar ko shida da ɗan ɓawon kirfa, su tafasa tare kamar minti goma. Sai ki sauke tukunyar, sannan ki sa ganyen shayi, in na jaka ne guda shida sun isa. Ki rufe minti huɗu zuwa biyar, ki tsame su ba tare da kin matse ba. Abin da ke sa shayi bauri shi ne barin ganye yana ta dahuwa a kan wuta, ko barinsa ya kwana cikin fulas. Kafin ki juye, ki ɗauraye fulas ɗin da tafasasshen ruwa, zai fi riƙe zafi. Madara in ta gari ce ki dama ta da ruwan ɗumi a wani jug. In ta shanu ce kika saya a hannun 'yar Fulani, ki tafasa ta sosai ta taso, don ɗanyar madara tana iya ɗaukar cuta daga dabba zuwa mutum. Tukunyar shayi kuma kada ta zama ta miya. Kofunanki na silba babu abin da suka yi, in dai kin wanke su tas kin shanya a rana, kin shinshina kin ji babu ƙarnin kifi, babu warin sabulu.

Abu ɗaya zan ce ki ara daga Turawan, shi ne jerin yadda suke ci. Sukan fara da mai gishiri, su gangaro zuwa mai zaƙi. Ki soya ƙosai ko masa, abu guda kawai, amma ya fito daga kasko zuwa gabansu. Ƙullun ki shirya shi tun azahar, yarinyar nan ta fara suya in an ji sallamarsu. Bayan shi sai mai zaƙi: in da sauran alkaki ko dubulan ko nakiya na gara, fito da shi, za su ji daɗin ganin kayan gidanku. Alkaki da dubulan in sun yi tauri, tsofaffi sukan tsoma a shayi, kada ki damu. In babu, kantun riɗi ma ya isa, mu da Allah ya hore wa riɗi a Jigawa. Sai dabino, in kin samu na Dutse mai laushi, ko kankana in lokacinta ne. Ƙaramin faranti a cike ya fi babban tire da abu ya warwatsu a ciki.

Kada ki manta, ruwan sanyi na randa ne farkon abin da za ki miƙa, kafin komai. Wadda ta sha hanya a bayan babur ƙishirwa take ji. Ki tanadi buta da abin salla ko da wata ba ta samu yin la'asar ba kafin su taso. Tun da hantsi ki share tsakar gida, in yamma ta yi ki yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ki ɗaure akuya, ki kaɗa kaji waje, ki rufe kowane kwano da faifai saboda ƙuda. Turaren wuta ki sa shi da wuri, ya kama labule da shimfiɗa ya lafa kafin su iso, don hayaƙinsa yana danne ƙamshin citta, wasu tsofaffin kuma yana tayar musu da tari.

Tsakanin la'asar da magariba awa biyu ne da 'yan kai, kuma za su so su isa gida da sauran haske. Kada ki ja su da jira. In sun ce za su tashi, ki ƙulle ragowar ƙosai da alkaki a leda ki ce a kai wa yara, ki raka su har bakin zaure. Wayar da kika ga farantin a ciki kuwa, ki kashe ta ki tura ƙarƙashin matashi har sai sun tafi.

Tambaya:

Gwaggo, ni ɗalibi ne a sakandare. Malaminmu na tarihi ya ce Turawan Ingila suna da wata al'ada ta shan shayi da la'asar. Da na faɗa a gida, yayana ya ce duk mai tara mutane shan shayi da yamma kwaikwayon Nasara yake yi. Ina asalin abin, kuma haka ne kwaikwayo ne?
Ɗanki, daga Birnin Kudu

Amsa:

Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Malaminku ya faɗi daidai, amma ganyen kansa ba na Turawa ba ne. Daga ƙasar Sin ya fito, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna sha kafin ya isa Turai. A ƙarni na 17 ya shiga Ingila, da tsada ƙwarai, sai masu hali. A 1662 Sarki Charles na Biyu ya auri wata gimbiya daga Fotugal mai suna Catherine, wadda ta saba da shayi tun a gida, ita ta sa matan fada suka ɗauka.

Shi kuwa zaman la'asar, labarin da aka fi bayarwa shi ne na wata mata mai suna Anna, matar basaraken Bedford, wajen 1840. A lokacin manyan Ingila ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas, ita kuma yunwa takan kama ta da yamma. Sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da burodi da man shanu da ɗan kek a ɗakinta. Daga baya ta fara gayyatar ƙawayenta, abu ya bazu a gidajen masu sarauta, don tana cikin matan da ke kusa da Sarauniya Victoria. Ka lura da yadda abin ya faro: mace ce ta ji yunwa, ta ga cin ita kaɗai babu daɗi, ta kira 'yan uwanta. A yau ya zama sana'a. A manyan otal-otal na Landan sai ka kama wuri tun da kwanaki, ka biya kuɗi mai yawa, a otal ɗin Ritz ma ba a barin namiji ya zauna sai da kwat da laktaye. Suna kawo yankakken burodi mai haɗi a tsaki, da wani ɗan curin burodi da ake shafa wa kirim mai kauri da zaƙin 'ya'yan itace, sannan kek.

Saboda son shayin nan ne Ingilishi suka shiga nomansa a ƙasashen da suka mallaka, a Assam ta Indiya tun shekarun 1830, sannan tsibirin Silon da ake kira Siri Lanka yanzu. Sunan Lipton da muke kiran kowane ganyen jaka da shi, sunan wani ɗan kasuwa ne mutumin Glasgow, Thomas Lipton, wanda ya sayi gonakin shayi a Silon a 1890. A Afirka, Kenya ce kan gaba wajen nomansa. Mu ma muna da namu a tsaunin Mambila na jihar Taraba, a Kakara kusa da Gembu, inda sanyi da ruwan sama suka dace da shi.

Game da maganar yayanka, ka gaya masa da ladabi cewa shayi ta ƙofa biyu ya shigo mana. Baƙin ganye da ake sha da madarar gwangwani da burodi, wannan kam zamanin Turawa da kamfanoninsu ne ya yaɗa shi. Amma koren ganye da ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi, ta arewa ya gangaro, daga Maroko ya ratso Sahara a hannun Larabawa da Buzaye. Tara mutane a ba su abin sha da yamma kuwa, kakanninmu suna yi da fura da kunu da goro tun ba a san Bature ba. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira, to ya girmama baƙonsa. Abin da ni zan kira kwaikwayo shi ne mutum ya ci bashi don ya sayi tangaran ɗin da ya gani a hoto, alhali masa da zuma suna gabansa.

Tambaya:

Gwaggo, a yi mini afuwa, na san filin nan mata sun fi yawa. Muna da majalisa a gindin wata darbejiya, mu kamar takwas, in an taso daga gona ko kasuwa. Ni ne mai dafa shayin Buzaye, amma nawa ɗaci yake yi har wasu su yamutsa fuska, kumfa ba ta tsayawa, kuma da an sha zagayen farko kowa ya duƙufa a waya ko ya kama gabansa. A da ba haka majalisar take ba.
Wani matashi, daga wajen Maigatari

Amsa:

Ɗana, filin na kowa ne. Kai da kake Maigatari ma ai malamai suna kusa da kai. Ranar Alhamis in kasuwa ta ci, ka je wajen masu raƙuma da shanu da suka tsallako daga Nijar, ka yi sallama ka zauna kusa da mai buta, ka zuba ido. Abin da za ka gani a zama ɗaya ya fi abin da zan rubuta maka.

Ga dai abin da na sani. Koren ganyen nan da ake murzawa ƙulu-ƙulu yana zuwa da ƙura da ɗaci a jikinsa. Ka fara zuba masa ɗan ruwan zafi, ka jujjuya, ka zubar, sannan ka sa ruwan dahuwa. Cikin ƙaramin kofin gilashi ɗaya na ganye ya ishi ƙaramar buta. Wutar kuma garwashi ake so wanda ya ruru ya kwanta, ya riƙa dahuwa a hankali. In ka ɗora a wuta mai harshe, ruwan zai ƙone kafin ganyen ya saki jikinsa, ka tashi da ɗaci zalla. Zagayen farko dama da ƙarfinsa aka san shi, shi ya sa ake zuba kaɗan, rabin kofi. A na biyu ka ƙara ruwa a kan ganyen nan dai, ka sa na'a-na'a. Na uku ya fi sauƙi da zaƙi, shi ake ba tsofaffi da wanda bai saba ba. Kumfa kuwa sukari ne da haƙuri: sai sukarin ya narke a ciki, ka ɗaga hannu sama kana juyawa daga kofi zuwa kofi har ta taru, ka mai da ruwan buta ya sake zafi, ka bar kumfar a kofunan, sannan ka zuba a kanta. Kofin da ke da maiƙo ba ya riƙe kumfa.

Batun watsewar mutane ya fi damuna a kan ɗacin. Shayin nan an gina shi ne a kan jira. Zagaye uku yakan ci awa ɗaya da rabi ko fiye, kuma jiran nan shi ne majalisar. Mai buta shi ne mai riƙe da zaman. Idan kai kanka kana dafawa kana latsa waya, kowa zai bi sahu. Ka riƙa miƙa kofi kana kiran sunan mutum, ka tambaye shi yadda geronsa ya yi, ko jikin mahaifiyarsa, ko yadda farashin riɗi ya kaya. Ka ajiye soyayyar gyaɗa ko aya a tsakiya, hannun da ke ɓare gyaɗa ba ya riƙe waya. Ku riƙa gayyato dattijo ɗaya lokaci-lokaci, ku ba shi wuri mai kyau, ku tambaye shi yadda aka yi fatauci a da ko yadda aka sha yunwar shekarun baya. Za ka ga samari sun matso.

Wajen rabo, ka fara daga dama. An kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, madara ya sha, Sayyidina Abubakar yana hagunsa, wani Balaraben ƙauye yana damansa, sai ya miƙa wa na daman. In ka riƙe wannan, babu mai cewa an fifita wani.

Ina roƙonka abu uku kuma, don ina da 'ya'ya sa'anninka. Kofi biyu ko uku ne ke zagaya bakin mutum takwas, saboda haka ka ajiye kwanon ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke kafin a ba na gaba, mai tari kuma a ware masa nasa. In sanyi ya tsananta kuka koma cikin shago, kada ku shiga da kurfoti ku rufe ƙofa, don gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana zaune. Na ƙarshe, kada ka yarda wani ya jefa tiramol ko wata ƙwaya a butarka da sunan ƙarin ƙarfi. Na ga yaran kirki da suka lalace ta wannan hanya, kuma daga kofi ɗaya na wasa aka fara. In an kira magariba, a kife kofuna a tafi masallaci, ko an kai na uku ko ba a kai ba.

Tambaya:

Hajiya, ina gaisuwa. Mai ɗakina tana da juna biyu, a wajen awo an ce jininta ya yi ƙasa, an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Al'adarmu ce kullum bayan la'asar mu zauna shan shayi da ita da mahaifina, wanda shi kuma yake da ciwon suga. Ba na so zaman ya mutu, don shi ne lokacin da tsohon yake sakin jiki ya yi hira. Me kike gani?
Magidanci, daga Gwaram

Amsa:

Malam, Allah ya raba lafiya, ya ƙara wa Baba sauƙi. Kada ka bari zaman nan ya mutu. Tsohon da yake da wurin hira kullum ya fi cin abinci, ya fi barci, kuma a nan za ku fara lura in wani abu ya canza a jikinsa. Abin da ke cikin kofin za a gyara.

Ganyen shayi yana da wani sinadari, shi ne mai baurin nan, wanda yake hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, musamman wanda ake samu daga wake da ganye da hatsi. Don haka kada ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shayi ko da madara. Ta sha da ruwa, in da lemu ko gwaiba ta ci a kai, suna taimakawa. Tsakanin shayi da abinci ko ƙwayar, a bar aƙalla awa guda. Akwai kuma kafeyin, mai hana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba masu ciki da ke wuce miligiram 300 a rana shawarar su rage, likitocin Ingila ma 200 suke cewa. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana ɗauke da kamar 40 zuwa 75, gwargwadon girmansa da ƙarfin haɗin. Kofi ɗaya marar ƙarfi da la'asar bai kai wurin ba, amma a tuna goro ma yana da shi, haka kofi da lemun kwalba mai baƙi. Wata rana ta sha ruwan citta kaɗan da lemun tsami ba tare da ganye ba, kuma ta gaya wa ma'aikaciyar awo duk abin da take sha.

Shi kuwa Baba, sukarin ne abin dubawa. A 2015 hukumar nan ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ka ƙirga ƙwayoyin da ake jefawa a kofi ɗaya a gidajenmu ka gani. Mai ciwon suga nasa ya fi haka tsanani. A yi masa ba sukari, a ƙara kirfa da kanumfari don baki ya samu abin ji. Zuma da madarar gwangwani mai zaƙi da garin koko na gwangwani duk sukari ne. Maimakon farin burodi a ba shi ƙosai biyu ko dafaffen ƙwai ko gyaɗa. In kuna so ya jure, ku ma ku rage naku a gabansa. Kuma a bar shayi ya ɗan huce, don masu binciken cutar daji na hukumar sun bayyana a 2016 cewa yawan shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 yana iya cutar da maƙoshi.

Tambaya:

Gwaggo, tun da aka kawo ni garin nan shayina ya daina daɗi. Wani abu yake tasowa a samansa kamar mai, launinsa ya dushe, butata kuma duk ta yi fari a ciki. Ganyen da nake saya a gida shi nake saya a nan.
Uwar biyu, daga wajen Kafin Hausa

Amsa:

'Yata, ruwan ne. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu yana da nauyi saboda ƙasar da ya ratso, shi ne yake barin farin nan a buta, shi ne kuma yake haɗuwa da ganye ya yi wannan yanar a sama. Ba ta cutarwa, amma tana kashe ɗanɗano. In baƙin shayi ne, ɗiga lemun tsami kaɗan za ki ga ya washe. In da madara za ki sha kada ki sa lemun, zai tsinke. Butar ki jiƙa ta da ruwan tsamiya ko na lemun tsami ta kwana, da safe ki goge ki ɗauraye.

Idan kuma ruwan zartsi gare shi, wato kina jin gishiri-gishiri a harshe, tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara shi ma take yi. Ki tambayi tsofaffin matan unguwa wace rijiya ce mai daɗin ruwa, kowane gari an san ta, ki riƙa sa a ɗebo miki jarka ɗaya ki ware ta don sha da shayi kawai. Da damina ki tari ruwan sama a mazubi mai tsabta bayan na farko ya wanke rufi, ki tafasa. Kuma kowane dafi ki ɗebi sabon ruwa, kada ki maimaita wanda ya kwana a buta.

Ki duba inda kike ajiye ganyen ma. Yana jan warin duk abin da ke kusa da shi. In yana kwando ɗaya da daddawa ko sabulu ko turare, ki mai da shi cikin gwangwani mai murfi, ki ɗora a inda rana da danshi ba sa kaiwa.